Jitar da Na Haɗa wa Yayana

An kashe yayana a kan hanyar dam, ranar da ya kamata a ce yana Mafara yana kiɗan biki. Ni na sa bai tafi Mafara ba.

Makaɗin molo ne. Da ruwan dam ya ci gonakinmu a ƙasar Maradun aka kwashe mu zuwa wani tudu mai tsakuwa, shi ya ci gaba da molonsa, ni na shiga lebura wajen masu jan wayar lantarki. Can na ga wani Bature ya buɗe cikin jitarsa mai aiki da lantarki yana gyara. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla, sai maɓallin ƙara murya. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani hannuna yana yi.

Na sassaƙa jikin jita da katakon da aka yar bayan zuba kankare. Na ciro maganaɗisu daga lasifikar mataccen rediyo, na warware waya daga ƙonannen inji, na yi ta naɗi har yatsuna suka tsage. Dalmar liƙa waya kuwa da ƙusa nake narka ta, in gasa ƙusar a garwashi. Na ja wayoyi biyu zuwa maɓallin, daga nan zuwa rediyon maƙwabcinmu.

Wani mai shago a Mafara zai yi wa ɗansa aure, ya ce yana son kiɗa mai fita ta lasifika, ba molo ba. Yaya ya amsa, don na ce masa jitar za ta yi. Shi ya ɗaura tsirkiya da kansa, ta izga, gashin wutsiyar doki, yadda ya saba ɗaura wa molo. Ya kaɗa. Rediyo sai huci.

Kwana uku ina kwance waya ina mayarwa.

"Ƙanena, bar wahal da kanka," ya ce. "Abin Bature ne, bai san mu ba."

"Ba ni kwana guda, Yaya."

"Biki gobe na. Ba ni zuwa in sha kunya gaban mutanen Mafara."

Da safe manoma suka wuce za su tare hanyar dam kan maganar gonaki. Ya rataya molo ya bi su. Da hantsi muka ji harbi. Ba a ba mu gawarsa ba.

Bayan sadakar arba'in na zo kwance wayoyin in mayar wa maƙwabci rediyonsa. Na kunna shi in tabbata yana aiki, wuƙata ta taɓa maganaɗisun, sai lasifika ta yi ƙara. Nan na gane. Maganaɗisu ƙarfe kaɗai yake ji, ba ya jin gashin doki. Haɗina daidai yake tun ranar farko.

Na zare sili ɗaya daga wayar birkin keke, na ɗaura, na kaɗa. Murya ta cika gidan. Inna ta fito daga ɗaki ta dube ni, ta koma. Na tsinke wayar.

Yanzu ina zaune a garin Dakko, ina gyara wa masu shinkafa injin ban ruwa. 'Ya'yan Yaya biyu a hannuna suka tashi. Na aurar da babbar bara.