Baba Sale Ya Daina Taɓa Ruwa

Jama'a, yau mai wankina ya ƙi karɓar kayana!

Baba Sale ne, dattijon nan mai wanki da guga a Gyadi-Gyadi. Na tarar da shi zaune, hannayensa sharkaf da man kaɗe, ya ɗora su a gwiwa.

Na ce, "Baba, ƙonewa ka yi?"

Ya ce, "A'a, Malam, jinyar yatsu nake. Na je Tarauni yin katin zaɓe, na'ura ta ƙi ɗaukar su. Yarinyar da ke aikin ta ce sabulu ya cinye zanen yatsun, in huta da wanki in dawo."

Na ce, "Saboda ƙuri'a ɗaya ka ajiye sana'a? Me za ku ci?"

Ya ce, "Allah na nan. Famfonmu ya ƙafe, kullum sai 'yan garuwa. In ban yi zaɓe ba, da wane baki zan yi ƙorafi?"

Sai ya kamo hannuna, ya duba babban yatsana.

"Kai naka garau. Ka yi katin?"

Na girgiza kai.

Ya daɗe bai sake ni ba. Can ya ce, "Tunda ba ka amfani da shi, ara mini mana."