Kokowar da Idi bai ƙarasa ba

Danginmu na gidan Keita ba su kyauta mini ba! Wurin rabon kayan marigayi ƙanena Idi suka ba ni akwatin intanet na tele, ko goge shi ba su yi ba.

Jiya da la'asar na jona shi, Inna na zaune. Sai ga hoton Idi! Akwatin na tambaya ko zai ci gaba da kallo. Kokowa ce, tsaye cak inda ya bar ta.

Na karanta wa Inna. Ta ce, "Kar ki taɓa, zai zo ya ƙarasa." Ta hana a kashe, ta ƙi cin tuwo.

Yau da safe na ce, "Inna, Idi ba ya zuwa." Na danna. Sai da aka ka da mutum ta fashe da kuka.