Man Tandun Baba

Shekarar da mahaifina ya tashi zuwa Makka ta ƙasa, ina da shekara ashirin da biyu, ina koyar da 'yan aji biyu a makarantar elementare a Wudil. Gidanmu yana Kausani. Ranar Alhamis da la'asar nakan hau keke in tafi gida, in dawo bakin aiki ranar Asabar da safe.

A farkon shekarun hamsin, wanda ya ce zai tafi Makka ta ƙasa ba a tambayarsa ranar dawowa. Zai hau babbar mota zuwa Yarwa, ya wuce Sudan, ya yi aikin auduga har guzuri ya taru, sannan ya ci gaba. Wani ya yi shekara biyu, wani bakwai, wani kuwa sai dai labarinsa. Saboda haka Baba ya raba amanarsa kafin ya tashi. Gona ya bar wa ƙanensa. Awaki da rumbu ya bar wa Inna, mahaifiyata. Ni kuma ya kira ni zaure, ya ɗora mini bindigarsa a cinya.

Bindigar toka ce, doguwa, in an tsayar da ita takan kai mini haɓa. Gadonta ya yi daga kakana. Baba ba maharbin da ke kwana a daji ba ne. Birai da gadu yake kora da ita daga gonarmu ta bakin fadama, wani lokaci ya dawo da zabo ɗaya ko biyu. Amma ban taɓa ganin ƙarfe mai tsabta kamar nata ba.

Ya ce, "Abu ɗaya na roƙe ka. Kada tsatsa ta ci ta."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba, yadda ka ba ni haka za ka same ta."

Sai ya miƙo mini wani ɗan tandu na fata, bai fi dunƙulen hannu ba. Ya ce ga man da ake shafa mata. Na buɗe na ga mai daskararre, fari mai ɗan rawaya. Ban tambayi ko man mene ne ba. Tandun cike yake, kuma wanda tandunsa ke cike ba ya yawan tambaya.

Bayan girbi ya tafi. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in sauke bindigar daga ƙusarta a ɗakina, in lafta mata mai tun daga baki har gindi. Daga baya na gane Baba bai fi shafa mata sau huɗu ko biyar a shekara ba, shi ma da ɗan tsumma. Man da ya kamata ya kai shekara, kafin bazara ta ƙare na ga bayansa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, tandu kuwa sai ƙamshi.

A nan sai in yi bayanin yadda gidanmu yake. Ni ɗan fari ne, kuma a lokacin uwa tana kunyar ɗanta na fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta duban idona, ba ta shiga ɗakina, ba ta karɓar abu daga hannuna. In na gaishe ta, takan amsa tana kallon tukunya. In tana so in ci abinci sai ta ce da kaji, "Tuwo dai yana hucewa." Tun ina ƙarami na saba da haka, har kunnena ya daina ɗaukar abin da take faɗa wa kaji a matsayin magana. Iya, mahaifiyar Baba, ita ta raine ni, kuma tsakanin kaka da jika babu kunya sai tsokana. Angonta take kirana.

Ita na fara kai wa tandun.

"Iya, wane mai ne wannan?"

Ta shinshina, ta miƙo mini. "Ni da ko ɓera ban taɓa kashewa ba? Angona, ba kai ne mai allon bango da alli ba? Karanta mana."

Na kai wa maƙerin unguwarmu, abokin Baba. Ya sa ɗan yatsa ya lakato abin da ya rage, ya murza, ya ce akwai man kaɗanya a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne, sauran kuwa Allah ya sani. Wani tela a Wudil ya ce in bar shirmen mutanen da, in sa man keken ɗinki. Ranar kasuwa wani direba da ya tsaya kusa da gada ya ji ina maganar, ya cika mini gwangwani da giris, ya ce abin da ya riƙe motar da ke zuwa Yarwa ba zai kasa riƙe sandar ƙarfe ba.

Duk da haka man gyaɗa na zaɓa. Dalilina shi ne ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce, kuma na ɗauka Baba ba zai je nesa neman abin da ke kusa ba. Na shafa mata sosai na rataye. Sai aiki ya riƙe ni a Wudil mako uku. Da na dawo na tarar da layin kiyashi tun daga ƙasa har jikin bindigar. Man ya zama danƙo. Kunamarta, wato ɗan ƙarfen da ake ja a harba, ta ƙi motsi.

Na tsorata, na tafasa ruwa, na wanke ta da sabulu, na goge. Abin da ban sani ba shi ne ruwa ya shiga ƙarƙashin ƙarfen, inda ya kwanta a cikin katako. Bayan mako biyu na ga jan layi yana leƙowa daga wurin.

Maƙeri ya kwance zobban da suka riƙe ƙarfen, ya ɗaga shi. Ga tsatsa nan, faɗin ƙwayar wake. Ya dirje ta da lallausan yashi har ta fita, amma ta bar rami, ɗan ƙarami, wanda farce ke tsayawa a ciki.

Ya ce, "Malam, wannan ya zauna. Amma katako ya rufe shi. In ba kai ka faɗa ba, ba mai gani."

Damina ko rabi ba ta yi ba, kuma ban san damina nawa ke gabana ba.

Na yanke shawarar ba zan sake yarda da bakin kowa ba. Na karɓi ƙusa biyar a wurin maƙeri, na goge su har suka yi haske, na shafa wa kowace irin nata man, na rataye su a bakin rumfar tsakar gida inda feshin ruwa ke kaiwa. Zaren kowace na yi masa ƙulli don in bambance su. Kafin sakamako ya fito, na lulluɓe bindigar da giris ɗin direba. Ɗakina ya koma warin tashar mota, kuma farar rigata ta Juma'a ba ta sake zama fara ba.

Iya ta samu abin yi. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta kai ta bakin rumfa. "Zo ki ga ɗaliban angona. Ga su nan su biyar, ba mai amsa tambaya."

Ni dai kowace Alhamis in na sauka daga keke, ƙusoshin nake fara dubawa, in rubuta a littafi. Ta man gyaɗa ta yi danƙo, na riga na san wannan. Ta man shanu ba ta kai mako ba wani abu ya lashe ta tas, ta yi ja. Man keken ɗinki ya ba ni sha'awa kwana goma, ruwa ya wanke shi. Giris bai bar tsatsa ta shiga ba, sai dai duk yashin da iska ta ɗebo ya manne masa, kuma yashi a jikin kunama ɓarna ce. Man kaɗanya ne ya fi daɗewa, amma shi ma in rana ta buɗe sai ya narke ya zurare, saman ƙusar ya zauna tsirara. Babu ɗaya da zan iya miƙa wa amana.

A shekarun nan Babbar Sallah cikin damina take faɗowa. Muka yi layya da ragon da Baba ya bari, ƙanensa ya yanka. Ba a yi yawan magana a gidan ba ranar, don kowa yana tunanin ko mai ragon yana Arfa ko yana gonar auduga.

Washegari da hantsi ina ɗaki ina duba littattafan yara, sai na ji ana hura wuta dab da ƙofata. Ba wurin girki ba ne. Na leƙa ta tsakanin asabari. Inna ce ta kafa duwatsu uku, ta ɗora ƙaramar tukunya, ta ba ɗakina baya. Iya na zaune kan tabarma a gefenta.

Inna ta ce, da muryar da ta fi wadda na saba ji ƙarfi, "Iya, kitsen da ke jikin ƙoda ake ɗiba, ba na wutsiya ba. Kuma kada gishiri ya taɓa shi. Gishiri shi ke kiran tsatsa."

Iya ta ce, "Ni kike koya wa? To, ƙara ɗaga murya, 'yar nan. Kunnena ya yi nauyi, kuma akwai wani kurman a cikin ɗakin can."

Inna ba ta yi dariya ba, amma na ga kafaɗarta ta motsa. Ta ci gaba. Wuta kaɗan ake sa masa, in ji ta, har ya daina ƙara, don muddin yana ƙara akwai sauran ruwa a ciki. A tace da farin ƙyalle. A jefa kakin zuma, shi ke hana shi zurarewa in rana ta yi zafi. A ƙara man kaɗanya kaɗan don kada ya yi tauri lokacin sanyi. Wannan na jikin ƙarfe ne da katako. Kunama kuwa ɗigon man 'ya'yan zurma ya ishe ta, a sa da gashin kaza. Wurin da dutsen ƙanƙara ke bugu ya ba da wuta, nan ba ya son mai ko kaɗan.

Tun kafin ta gama, ƙamshin ya shigo ɗaki. Shi ne na cikin tandu.

Na fito na tsuguna nesa da su. Na ce, "Iya, ashe kin sani."

"Na san me? Ka tambaye ni wane mai ne, ban kuwa sani ba. Da ka tambaye ni wa ke cika tandun, da tuni na nuna maka ita. Tun shekarar da aka kawo ta gidan nan, duk layya ita ke yi. Ubanta maharbi ne a Indabo. Sau uku tana gaya wa kaji cewa man bindiga sai layya ta zo, kai kana can kana gaisawa da ƙusa."

Na yi godiya, na fuskanci Iya da ita, amma duk wanda ke tsakar gidan ya san wadda nake yi wa godiyar. Na ɗauko tandun na ajiye a kan turmi, na fita zaure. Da na dawo na same shi cike, an ɗaure bakinsa.

Gaskiya ita ce na goge ƙusa ta shida, na shafa mata wannan man, na rataye tare da sauran.

Iya ta riƙe haɓa. "Man uwar taka ma sai ka yi masa jarrabawa? Allah ya shirye ka, angona."

Damina ta ƙare, ƙusar na nan fes. Na wanke giris daga jikin bindigar, wannan karon na shanya ta sosai, na shafa mata man Inna da ɗan tsumma, siriri kamar ba a shafa ba.

Baba ya yi shekara uku da wata biyu. Ya dawo a rame, gemunsa ya yi fari, idanunsa sun raunana saboda ciwon da ya yi a hanya. Kwana huɗu ana zuwa yi masa barka da sauka, bai ambaci bindiga ba. Rana ta biyar da safe, da zaure ya rage daga shi sai ni, ya ce in kawo ta.

Ya ɗora ta a cinya. Bai dube ta da ido ba sosai, babban yatsansa ya bi ta da shi tun daga baki. Ya ja kunama, ya saurari ƙararta. Ya naɗa farin ƙyalle a sandar ɗuri, ya zura a ciki, ya zaro, ya kai kusa da fuskarsa. Ƙyallen ya fito da farinsa. Ya yi hamdala, ya yunƙura zai jingine ta.

Na ce, "Baba, da sauran wuri ɗaya. Sai an kwance zobba."

Ya tsaya. Sannan ya kwance su da kansa, a hankali, ya ɗaga ƙarfen. Na kama yatsansa na kai shi kan ramin. Ya daɗe yana shafawa.

"Yaushe?"

"Daminar farko. Na sa mata man gyaɗa, na wanke da ruwa, ban shanya ba."

"Man gyaɗa," ya maimaita. "Wa ya ce ka sa?"

"Ba kowa. Ni na yi tunani."

"Damina ta biyu fa?"

"Babu komai."

"Ta uku?"

"Ita ma babu."

Ya mayar da ƙarfen cikin katakonsa, ya matse zobban ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Damina uku, rami ɗaya. Kuma da ka yi shiru da ban same shi ba." Ya miƙo mini ita da hannu biyu. "Mayar da ita."

"Ɗakinka, Baba?"

"A'a. Naka."

Na karɓa, na ratsa tsakar gida da ita a kafaɗa, na rataye ta a ƙusarta.