Ranar da Bafa Ta Cika a Shagon Hoto

Shekarun baya, ina aji biyu a kwas ɗin kwamfuta, na dawo hutu Wurno kaina na hayaƙi. Na koyi kod, wato rubutun manhaja, ɗan kaɗan, ina jin ko dam ɗin Goronyo anka ba ni sai in yi mai manhaja.

Abokina na da shagon hoto kusa da tasha. Kwamfutarshi tsohuwa ce, ba wuri cikinta, kullum sai ya goge wani abu kahin ya zuba wani. Nac ce, "Mutumina, huta, zan haɗa maka mai gadi." Na rubuta 'yar manhaja mai sa ido kan folda guda. Duk hoton da ya shigo, kwamfuta ta sanar da ita, ita kuma ta kwahe shi zuwa babban diski na ajiya. Na gwada da hotona, na gwada da na akuyar maƙwabta. Tsaf! Ya koma kirana Injiniya, ni ko ina amsawa har da gyaran hula.

Sai dai shagon na da nashi tsari. Wuta ba ta zama, man janareto kuma ba a wasa da shi. Sai abokina ya yi kwanaki yana yawo, suna a Achida, walima a Rabah, taron manoma bakin kanal ɗin ban ruwa, memorin kyamara duk su cika. Ranar da ya tada inji sai ya juye su cikin foldar gaba ɗaya, ya ga manhaja ta nuna kore, ya goge folda da memorin, ya kashe.

Wata rana wata Inna ta sauka daga kabu-kabu, tun daga Taloka. Ba ta daɗe da hita takaba ba. Tac ce ranar taron manoma da anka saki ruwa kanal, maigidanta ya sa sabuwar riga ya tsaya cikin albasarshi abokina ya ɗauke shi hoto. Bai taɓa yarda da hoto ba sai ranar.

"Ɗana, shi nika so. Jikokinai su san huskarshi."

Abokina yac ce, "Inna, zauna, yanzu-yanzu. Muna da Injiniya."

Munka buɗe ajiya. Ga hotunan farkon taron nan, sai kuma tsalle, sai na wani suna. Tsakiya ba kowa.

"Injiniya, mi nika gani haka?"

Munka roƙi Inna ta dawo ranar kasuwa.

Na ɗauko memori cike na juye shi lokaci guda ina kallo. Nan na gano. Kwamfuta na da wani ɗan wuri, bafa, inda take tara saƙonnin "sabon hoto ya shigo" kahin manhaja ta karanta. Tawa ko sai ta tsaya kwahe hoto guda ta gama kahin ta duba na gaba. Saƙonni sunka yi yawa, bafa ta cika, sauran sunka zube. Kwamfuta ma ta yi ihun kuskure, manhajar ce ba ta da kunnen jin wannan ihun. Abin da ta ji ta kwahe, ta nuna kore abinta.

Abokina yac ce, "To ƙara mata tumbi mana!" Na ƙara. Memori ɗaya ta shanye, da munka juye uku ta sake amai. Tumbin ma na da iyaka.

Sai na sake tsari. Saƙo na shigowa ta rubuta sunan hoton a layi kawai, kwafi ya biyo baya a hankali. In kuma bafa ta cika, ta daina yarda da saƙonni, ta shiga folda da kanta ta gwada da ajiya, hoto bayan hoto. Har ta gama, allo ja ne, da rubutu ɓaro-ɓaro: KADA KA GOGE. Ta yi aiki, har na yi tsalle na bugi fanka. Sannan na tuna gyaran ga bai maido abin da anka riga anka goge.

Ranar kasuwa Inna ta dawo. Munka hwaɗa mata gaskiya. Ba ta yi hwaɗa ba, da ta yi ma da ya hi mani sauƙi. Tac ce a nuna mata waɗanda sunka tsira. Muna wucewa, sai ta dahe allo da yatsa. Hoton wasu samari ne suna dariya, can bayansu wani dattijo ya juya baya, ya tattare riga, ya nuhi bakin ruwa.

"Shi na. Wallahi shi na. Haka shika tahiya in ya ji ruwa sun iso."

Munka yanke gehen, munka wanke mata babba. Ta naɗe shi cikin mayahi ta hau kabu-kabu.

Yanzu na gama makaranta, kod ya zauna hannu, ba ƙarya. Amma duk manhajar da zan rubuta, wurin kuskure nika farawa: in abin ga ya cika, mi za ta yi, wa za ta gaya wa? Abokaina na dariya, wai na cika tsoro. Ni dai na san akwai wani gida a Taloka inda yara sunka san kakansu ta ƙeya.