Kwalbar da ke Alƙiblarmu

A shekarata ta biyu a Alƙahira na bar masaukin ɗalibai na koma wata shaƙƙa, wato sashen gidan bene, a unguwar Abbasiya, can sama, a benen da lif ɗinsa ya mutu tun kafin a haife ni. Mu uku ne ɗalibai, duk daga Arewa, sai mai gidan, wani tsoho Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro daga Khartum. Shaƙƙar ta ɗansa ce, ɗan ya tafi neman abinci wata ƙasa ya bar shi da ɗakunan da suka fi ƙarfinsa. Baba muke ce masa. Shi kuwa ya naɗa mu sarauta ɗaya, kowa Ustaz, har da ni da nahawu ke ta wahalarwa.

Kakanninsa da ƙafa suka taso daga ƙasar Katsina za su hajji. Da suka isa bakin Bahar Maliya guzuri ya ƙare, suka zauna. Yakan ce sun yi ta jiran jirgi har jikoki, shi ne ya gaji da jira ya faɗa ruwan. A Bur Sudan ya tashi, ya koyi nutso wajen masunta, daga baya ya karanta ilimin halittun ruwa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tattara su yana ba su lamba. Da wasu Turawa masu bincike suka zo da ƙaramin jirgin nutso mai cin mutum biyu, shi suka ɗauka, ya sauka inda hasken rana bai taɓa zuwa ba.

Labarin wannan sauka mun ji shi har mun haddace. Ruwan ya fara kore, ya koma shuɗi, ya koma baƙi ƙirin. Baturen ya kashe fitila, sai ga ɗigo-ɗigon haske suna yawo ta ko'ina. Kuma wai can ƙasan Bahar Maliya ruwa da ɗumi yake, ba kamar sauran tekuna ba. Mukan saurara yadda ake sauraron manya, mu sa "Allahu Akbar" inda ya kamata, ido ɗaya na kan waya. Ni dai rabi na yarda, rabin na bar wa tsufa.

Duk abin da ya tara a wurin aikinsa yaƙi ya cinye, har takardun. Kwalba ɗaya ta tsira, domin a gida take, irin girman ta zuma. A cinyarsa ya riƙo ta cikin bas har iyaka. A ciki akwai kifi mai tsawon ɗan yatsa, idanu manya, jiki ya koɗe ya koma kalar shayi da madara, da layin ɗigo a ƙarƙashin cikinsa. Baba ya ce ɗigon nan fitilu ne, kuma da hannunsa ya zuƙo kifin ta bututun jirgin. Cikin sibirtu yake kwance, irin wanda ake sayarwa a kemis. Duk Juma'a in mun dawo masallaci sai Baba ya ɗaga kwalbar a hasken taga, in ruwan ya ragu ya ƙara da sirinji.

Buri ɗaya ya rage masa. Ya yi ta bin mutane har ya samu wata malama a sashen kimiyya na wata jami'a ta yarda za ta duba kifin bayan jarrabawa. So yake a ajiye shi a ɗakin ajiyarsu, a rubuta inda aka kamo shi da wanda ya kamo.

"Ba na so in mutu a zubar da shi tare da tsofaffin takalmana," in ji shi.

Matsalar ita ce kantar da kwalbar ke kai tana jikin bangon alƙibla, a falon da muke jam'i in ƙiwa ta hana mu sauka masallaci. Wanda ke mana limanci ɗalibin shari'a ne, mutum mai tsabta da taushin zuciya, wanda ko kopin wani ya gani da datti sai ya wanke. Kifin bai dame shi ba, don mushen teku tsarkakakke ne, a wannan ba mu da saɓani. Sibirtun ne ya tsaya masa a rai. Mun kwashe makonni muna muhawara a kan wake da burodi, wannan ya kawo malaman da suka ce najasa ne, wancan ya kawo waɗanda suka ce ba najasa ba ne. Rannan liman ya kai maganar gaban mai gida cikin ladabi.

"Baba, abin nan fa asalinsa mai sa maye ne, ga shi a gabanmu muna sallah."

"Ya Ustaz, ni na ce ka sha?" in ji Baba. "Khalas, shi ke nan, ka rufe idonka in ka tayar da sallah."

Aka yi dariya, aka bar maganar. Ba wanda ya yi tunanin mayar da kwalbar ɗaki, ko don Baba ya fi son ta inda baƙo zai gani ya yi tambaya.

Cikin tsananin zafin shekarar ciwon ƙirji ya kwantar da Baba a asibiti. Ni nake jinyarsa, don jarrabawata ta riga ta ƙare. A gida kuwa liman ya ɗaura aniyar gyara shaƙƙa kafin mara lafiya ya dawo. Ya wanke labule, ya goge tagogi, da ya iso kan kanta sai ya ga ga damar da kowa zai huta. Ya tsiyaye sibirtun, ya ɗauraye kifin a hankali, ya dafa ruwa ya narka gishiri a ciki, ya bari ya huce, ya mayar da kifin. Hujjarsa ita ce kifin teku ai ruwan gishiri ne gidansa. Har ƙyalle mai tsabta ya lulluɓa wa kwalbar don kada ƙura ta taɓa.

Ranar da muka dawo, Baba bai ko zauna ba ya nufi kanta ya yaye ƙyallen. Ruwan ya yi kauri ya zama kamar kunun da ya kwana. Ba ido, ba fitilu, sai wasu zare-zare suna lilo. Liman ya fara bayani da dalilansa. Na sa ran faɗa, ko kuka, ko ciwon ya dawo. Baba ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya ce a kawo masa matacin shayi da farin faranti.

Ya fita baranda inda rana take, ya buɗe murfin. Warin har maƙwabta sun ji. Ya riƙa tacewa kaɗan-kaɗan yana tona abin da ya rage da tsinken sakace. Can sai ya ture wasu fararen ƙwayoyi biyu gefen faranti, ko ƙwayar gero ba su kai ba.

"Dutsen kunne," ya ce. "Kowane irin kifi da siffar nasa. Wannan ba ya ruɓewa."

Liman ya durƙusa yana hawaye. "Baba, don Allah ka yafe mini. Wallahi alheri na nufa."

"Na sani. Ma'alish, ba komai. Tashi ka samo mini auduga."

Ya naɗe su ya sa a kwalin ashana. Na zaci zai fasa zuwa wajen malamar, amma da ranar ta zo sai ga shi cikin farar jallabiya da rawani, yana jirana a bakin ƙofa. Muka shiga mitiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka ƙarasa da ƙaramar bas, hannunsa na kan aljihu duk hanya.

Malamar dattijuwa ce mai tabarau, da shayi a gabanta ya huce. Baba ya gaya mata cewa kifin ya lalace, bai ce wane ne ya lalata ba, bai kuma faɗi sunan kifin ba. Ya dai tura mata kwalin. Ta sa ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin madubin duba ƙananan abubuwa, ta daɗe a sunkuye. Sai ta ambaci wani dogon suna na boko, ta ɗago ta tambaye shi a wane zurfi ya same shi. Daga nan na fita daga zancen. Larabci da Turanci suke yi, duka ina ji, amma ban fahimci komai ba. Baba har da miƙewa yana kwatanta bututun da hannu.

A ƙarshe ta gaya masa gaskiya, ba za su iya sa shi a ajiyarsu ba tunda babu jikin kifin. Ta ba shi haƙuri, ta rako shi har bakin matakala.

Da muka kusa Abbasiya sai ya dube ni.

"Ka ji dai, ya Ustaz? Ban faɗa mata sunansa ba. Ita ta faɗa."

Na ce na ji. A nan na gane tun farko ya san iyakar inda muke yarda da shi, kuma tausayinsa ya kama ni sosai.

Bai sake ba mu labarin saukar ba, ko mun roƙa. Liman kuwa tun daga ranar, masallaci yake sauka duk sallah, ko ana ƙuna, duk da babu komai a alƙiblar yanzu. Kwalin ashanar ya koma aljihun Baba, kwalbar aka wanke aka kife a kicin. Amma har na bar gidan, duk Juma'a in mun dawo masallaci sai ya nufi kantar nan, ya ɗauki sirinji, ya ɗan tsaya, sannan ya ajiye ya shiga ɗaki.