Ni Bindiga, Lawali Ƙafa

Wata Laraba ce a bazarar 2010, 'yan watanni bayan sojoji sun karɓi mulki, wata farar mota ta tsaya a ƙofar lakwal, makarantar ƙauyenmu da ke kusa da garin Sarkin Hausa. Mu uku muna ɗakin daraktanmu Mushe Idi, wato Malam Idi, mun matsu a benci ɗaya gaban wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, gumi na zuba, yatsana na kan maɓallin harbi. Ko ƙarar motar ba mu ji ba. A wasan da muke bugawa mun iso wata jar ƙofa da Mushe ya ce ita ce ta ƙarshe, ga shi kuma gobe da safe su Lawali abokina za su bar garin.

Ordinatar ɗin Mushe ya zo da ita daga Maraɗi, yana kunna ta da batir da wani ƙaramin panno mai zuƙar hasken rana da ya kafa a kan rufi. A cikinta akwai wasa: kai soja ne da aka jefa wata duniya can bayan wata, cikin gidajen ƙarfe, dodanni na fitowa ta kowane lungu suna watso wuta. Ba ka ganin kanka, sai hannu da bakin bindiga. Hannunmu bai kai ga maɓallan duka ba, sai muka yi abin da muka ga iyayenmu na yi in gona ta fi ƙarfin mutum ɗaya, wato gayya. Lawali ne ƙafa, shi ke tafiya da juyi. Ni ce bindiga, in ji su, duk da ni kaɗai ce mace. Sani, ƙanen Lawali, shi ke buɗe ƙofa. Mushe yakan tsaya bayanmu yana dariya yana cewa, "Soja guda, iyayen gida ukku."

Shekarar ba ta dariya ba ce. Daminar da ta wuce ta yanke tun hatsi bai yi ido ba, rumbuna suka zama fanko. Da safe in bi inna jeji tsinkar anza, mu jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, amma bai taɓa fita duka ba. Daga nan in ja guga a rijiyar da ke ƙara zurfi kullum, in kakkaɓo wa awakinmu ganyen gawo. Langa da gaɗa duk an daina, ba mai ƙarfin tsalle. Ɗan lokacin da batir ke ba mu bayan an tashi daga aji shi ne kawai inda nake manta cikina. Can abokin gaba ana ganinsa, in ka harbe shi ya faɗi.

Da baban Lawali ya sayar da jakinsu ya ce za su yi kudu neman abinci, muka rantse sai mun buɗe ƙofar ƙarshe tare. Mushe ya daina ko kunna rediyonsa don ya rage mana wuta.

Mutumin da ya fito daga motar wani babba ne da sabuwar hukuma ta turo. Ya shigo ba sallama, ya dubi gilashin, ya dubi Mushe. "Ƙasa na hannun soja, mutane na yunwa, kai kana koya ma ɗiyan talakawa bindiga?" Ya ce ana buƙatar na'urar don aikin rabon hatsin agaji. Mushe ya cire hula ya ce, "Ranka shi daɗe, a bari hal la'asar." Direba ya fizge wayar kawai, jar ƙofar ta mutu a gabanmu. Har panno suka sauke. Lawali bai yi kuka ba, ya zauna da yatsunsa a kan benci kamar maɓallan na nan. Washegari na bi amalanken da ya ɗauke su har bakin gari.

Abin da har yau yake tafasa mini jini ya faru ne ranar kasuwar Mayahi, da na raka baba sayar da akuyarmu ta ƙarshe. Muna wucewa bayan wani ofis na ji kukan dodon da na sani. Na leƙa ta taga. Ga babban nan ya tuɓe riga, kwalbar lemo a gefensa, yana buga wasanmu. A ɗakin farko yake, yana karo da bango, dodon da Sani ma ke rainawa yana cinye shi. Ya goge duk inda muka kai, ya fara nasa. Na buɗe baki, baba ya toshe shi da tafinsa ya ja ni. Hatsin kuwa, tiya ɗaya ba ta shigo gidanmu ba.

Yanzu ina koyarwa a Tasawa, kowane yaro a ajina ya san wasannin da suka fi wancan kyau, kuma kowa shi kaɗai yake bugawa a salularsa. Wani ɗalibina ya samo mini tsohon wasan, na zauna na gwada. Harbina na nan yadda na bar shi, amma sojan ya tsaya cak a bakin ƙofar farko. Su Lawali ba su dawo ba, ni kuwa ban taɓa koyon tafiya ba.