Irin da ke cikin goran Tasalla

A Beli ta ƙasar Rogo, in ka ce kankanar Tasalla, manya sun san abin da kake nufi. 'Yar ƙarama ce, ɓawonta da kauri, cikinta fatsi-fatsi, ba ta da jan nan da ke ruɗin masu saye a bakin titi. Amma ko ruwa ya ɗauke mako uku, gyaɗa ta yi yaushi, ita tana nan kore shar. Tasalla ta gaji irin ne daga mahaifiyarta. Shekara arba'in da wani abu tana zaɓar 'ya'yan fari, ta wanke irin, ta shanya a inuwa, ta cuɗa da toka, ta ɗura a gora. Sauran mutanen gari tuni sun koma irin gwangwani, ita kaɗai ta kafe. Mace ce mai zuciya, kowa ya sani.

Wata damina masu bincike daga jami'a suka biyo ƙauyukan Karaye da Rogo suna tsinkar ganyen kankana. Shugabarsu, Malama Adawiyya, ta durƙusa ta gaishe da tsohuwar, ta yi mata bayani. Ta ce kowane tsiro yana ɗauke da alamomin gado a jikinsa, akwai na'urar da ke karanta su daga ganye, a gane wace kankana ce dangin wace. Suna neman masu nisan dangi ne, don a haɗa su a fitar da iri mai jure fari.

Tasalla ba ta gane rabin zancen ba, amma ta ji daɗi har cikin ranta. Ta shige ɗaki ta fito da goran.

"Ungo, 'yar nan, ɗebi yadda kike so."

"A'a Inna, ganyen ma ya ishe mu. Riƙe irinki, kada mu rage miki."

Da zuciya ɗaya Adawiyya ta faɗa, kara ce ta yi. Sai dai ilimin bai gaya mata cewa a wurin su Tasalla ba a mayar da kyautar iri ba. Wanda ya raina amfanin gonarka ne kawai zai ƙi miƙo hannu. Tsohuwa ta mayar da goranta ɗaki, abin yana cin ta. Masu ilimi ma sun duba sun ƙi, ita wace ce? Da damina ta zagayo, ta ce wa ɗanta Salisu, wanda ya daɗe yana yi mata nacin irin gwangwani, ya shuka abin da ya ga dama. Goran kuwa ta cusa shi a rumbu, ba ta ƙara waiwayarsa ba.

Aikin jami'a ya ja lokaci. Sai bayan shekara huɗu Adawiyya ta dawo, bakinta har kunne.

"Inna, albishirinki! Gonaki sittin da biyu muka gwada, kusan duk uwarsu ɗaya. Taki ce kaɗai ta fita daban. Irin muka zo roƙo."

Tasalla ta sa Salisu ya hau rumbu ya ɗauko goran. Ashe jinka ta yi yoyo. Da aka zazzage goran, toka ta dunƙule, irin ya yi baƙi, yana warin ruɓa. Suka tsince masu ɗan dama-dama, Adawiyya ta tafi da rabi, Tasalla ta naɗe rabi a jiƙaƙƙen buhu. Kullum da safe sai ta yayyafa ruwa ta buɗe ta leƙa. Salisu, da kunya ta kama shi, ya hau babur ya zaga har Tudun Kaya da Unguwar Hajji yana cigiya, ko akwai wanda mahaifiyarsa ta taɓa ba irin. Waɗanda suka tuna sun ce sun daɗe da bari.

Ranar kwana goma sha biyar, na buhun ko ɗaya bai tsiro ba, Adawiyya ta sake zuwa. Tun daga sallamarta tsohuwa ta gane can ma bai tsiro ba. Sai a ranar Salisu ya gaya wa baƙuwar dalilin daina shukar, Adawiyya ta zauna a tabarma tana hawaye.

"Ki yafe mini, Inna. Wallahi ban sani ba."

"Ba ke ba ce, zuciyata ce," in ji Tasalla. "Na'urar taku ta ce kankanar ba ta da 'yar'uwa ko ɗaya?"

"A duk inda muka je, babu, Inna."

Tsohuwa ta sauke idonta kan buhun.

"Fari bai kashe ta ba. Ashe ni ce zan kashe ta."